Waiwaye: Gadar Jamus ta Edea da doguwar tafiyar dogo zuwa Ngaundere

Duk buhun albasa ko dilar auduga da aka ɗora wa jirgin ƙasa a Ngaundere za a kai Duwala, sai ta haye kogin Sanaga a garin Edea da ke kudancin Kamaru. Ruwan ma daga wajenmu, arewacin Kamaru, yake gangarowa, domin kogunan Jerem da Lom da suka haɗu suka zama Sanaga daga tuddan Adamawa suka taso.

A Edea Jamusawa suka kafa gadar ƙarfe a 1911, lokacin da suke shimfiɗa dogo daga Duwala zuwa cikin ƙasa. Tsawonta kusan mita 160, kuma babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyar ruwa. Baka biyu na ƙarfe ne suka tashi daga wannan gaɓa suka dira a waccan, aka rataya daɓen gadar a jikinsu, nauyin duka ya koma kan tubalan da ke bakin kogi. Dabara ce mai kyau, don idan damina ta kankama Sanaga ba ya wasa, ginshiƙin da aka dasa a tsakiyarsa kullum yana cikin kokawa da igiyar ruwa. A Jamus aka ƙera ƙarafan, aka yi jigilarsu ta teku, aka haɗa su da ƙusoshin da ake dannawa da zafinsu. Har yau kawunansu na nan jere a jikin ƙarfen.

Masu gadar ba su more ta ba. Yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke a 1914, zuwa 1916 sun bar Kamaru. Faransawa ne suka kai dogon Yawunde a 1927, da aikin tilas da ya ci rayuka masu yawa. Mu kuwa ’yan arewa sai 1974 muka ji kukan jirgi a Ngaundere, shekara 63 bayan gama gadar.

Shekaru da dama jirgi da motoci hanya ɗaya suke bi a kanta, wannan ya jira wancan ya wuce. Da aka gina sabuwa a farkon shekarun 1980, sai aka bar wa masu tafiya a ƙasa tsohuwar.

Dogon dai a Ngaundere ya tsaya. Kayan Garwa, Marwa da Njamena har gobe sai an sauke su a tasha, ’yan dako su loda wa tireloli.