Doka ba ta hana ka janareta ba, haɗa shi da wutar NEPA ne ba ta yarda da shi ba

Tambayar da mutane suka fi yi ita ce wai sai an nemi izini kafin a sa janareta a gida? A'a. A tsarin NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, mai samar wa kansa wuta sai ƙarfinta ya wuce megawat 1 sannan yake buƙatar takardar izini, wannan kuma maganar manyan masana'antu ce, ba ɗan injin da kake ja da igiya ba, kai ko babban mai dizal na gidan alhaji bai kama ƙafar wannan ba. To amma rashin neman izini ba shi ne ka jona yadda ka ga dama ba.

Wayarin ɗin gida yana ƙarƙashin ƙa'idojin da NERC ta fitar a 2015 kan yadda ake haɗa kayan lantarki, sannan akwai hukumar NEMSA, wadda ita ma aka kafa da dokar 2015 kuma dokar lantarki ta 2023 ta ci gaba da ita, aikinta shi ne duba aikin wuta da gwada shi da kuma ba masu aikin takardar shaida. Wato a ƙa'ida wanda zai taɓa maka wayarin ya zama mai satifiket ne, ba yaron shagon da ya iya ɗaura salatif kawai ba. Ka tambaye shi takardarsa, ba rashin kunya ba ne.

Zuciyar maganar dai guda ɗaya ce, wutar inji da wutar kamfani kada su taɓa haɗuwa a waya ɗaya. Shi ya sa ake sa canjoba, wannan akwatin mai hannu da ake ja sama ko ƙasa, sama NEPA, ƙasa inji, tsakiya babu kowa. An ƙera shi ne yadda ko kana so ba za ka iya kunna biyun lokaci guda ba. Kuma mai kyau shi ne wanda yake yanke layif da nutural gaba ɗaya, wato wayar da ke kawo wuta da wadda wutar ke komawa ta cikinta, don wasu masu aikin saboda tsumulmular waya sai su haɗe nutural ɗin su bar shi, wannan ha'inci ne.

Yanzu ga abin da ake yi a unguwanni, a samo waya a sa mata filogi kai biyu, ɗaya a jikin inji ɗaya a soket ɗin falo, sai a ce ai mun cire fiyus. To ranar da aka manta fa? Ko ranar da maigida baya nan yaro ya tada inji? Wutar ba ta tsayawa a gidanka, bin wayar take ta fita ta hau falwaya, in ta kai taransifoma kuma sai aikin ya juya, na'urar da take sauko da bolt 11,000 zuwa 230 ita ce dai za ta ɗaga 230 ɗinka ta mayar da shi dubbai. Ma'aikacin KEDCO ko na Kaduna Electric da ya kashe layi ya hau sama yana gyara da tabbacin babu wuta, shikenan injinka ya same shi, mutumin da bai san ka ba bai ci maka komai ba. In kuma aka kawo wuta inji na aiki, su biyun su yi karo, kwayil ɗin injin ya ƙone, firji da talabijin su bi, wani lokacin gobara. Ga shi kuma shi kansa filogin da ke hannunka ƙarafunansa tsirara suke da wuta a jiki.

Sai maganar mita, nan ma a kula sosai. Canjoba bayan mita ake sa shi, ta ɓangaren gida. Mita kayan kamfani ne, buɗe ta ko zagaye ta laifi ne a dokar 2023, kuma wallahi da yawa daga sunan "gyaran layin inji" ake zarcewa a yi baifas, ranar da aka kama ba mai aikin za a nema ba, mai gidan za a ci tara.

Sauran a taƙaice, a kafa sandar ƙarfe a ƙasa a ɗaure jikin injin da ita saboda shokin, a sa bireka daidai ƙarfinsa, waya mai kauri ba irin ta rediyo ba. Ɗan ƙaramin inji ba zai ja hita da dutsen guga da famfon burtsatse ba, a ware masa layin fitilu da fanka.

Hayaƙin kuma ba wasa ba ne, iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai zai ji. Na san tsoron ɓarayi ne yake sa a shigo da inji zaure ko kicin ko ƙarƙashin bene da daddare, to gara a yi masa keji na ƙarfe a fili da kwaɗo, nesa da taga, bakin salansa na kallon waje. Kuma a kashe shi ya huce kafin a zuba mai.