Ma'anar "bashin ranar albashi" a Birtaniya, da matsayin mai karɓar tallafi da ya kasa biya

Abin da Turawa ke kira payday loan, wanda za a iya cewa da shi bashin ranar albashi, ƙaramin rance ne da kamfani ke bai wa mutum cikin gaggawa, ba tare da jingina ba, a bisa sharaɗin zai biya shi tare da kuɗin ruwa mai nauyi a ranar da kuɗinsa na wata suka shigo. Hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya, wato FCA, ta sanya shi cikin rukunin bashi mai tsada na gajeren wa'adi, wanda ta fayyace da cewa shi ne duk rancen da ruwansa na shekara ya kai kashi 100 cikin 100 ko ya zarce, kuma ake sa ran a gama biyansa cikin wata 12. Sunan kansa yana da ɗan ruɗi, domin wasu daga cikin masu cin wannan bashi ba su da wani albashi, abin da suke jira a ƙarshen wata shi ne tallafin gwamnati, musamman wanda ake kira Universal Credit. Wannan tallafi galibi sau ɗaya ake biyansa a wata, kuma wanda ya nema a karon farko yakan jira kusan mako 5 kafin kuɗin farko su iso hannunsa, to a cikin irin wannan giɓi ne mutum kan miƙa hannu ga mai ba da rance na intanet, wanda ke tura kuɗi cikin sa'o'i kaɗan.

Kafin shekarar 2015 babu wani ƙaidi a kan ruwan da waɗannan kamfanoni ke ɗorawa, har ta kai kamfanin Wonga, wanda a lokacin ya fi kowa suna a wannan sana'a, yana tallata ruwan da ya haura kashi 5,000 cikin 100 idan aka lissafa shi a shekara. FCA ta karɓi ragamar kula da bashin jama'a a watan Afrilun 2014, kuma daga ranar 2 ga Janairun 2015 ta gindaya iyakoki guda uku. Ruwa da sauran caji ba za su wuce kashi 0.8 cikin 100 na uwar kuɗin a kowace rana ba, wato wanda ya ranci fam 100 na kwana 30 ba za a nemi fiye da fam 24 a kansa ba. Tarar saɓa wa'adi ba za ta wuce fam 15 ba. Ta uku, wadda ita ce ta fi amfani ga wanda ya riga ya shiga matsala, ita ce komai daɗewar bashin ba za a karɓi fiye da ninkin abin da aka ranta ba, saboda haka wanda ya ci fam 300 iyakar abin da doka ta yarda a bi shi, uwa da ruwa da tara, fam 600 ne. Haka kuma an hana a ɗaga wa'adin bashi ɗaya fiye da sau biyu, domin ta wannan hanya ce a da ake mayar da rancen wata guda ya zama na shekara.

Inda mai karɓar tallafi ya fi shan wahala shi ne wajen yadda ake karɓar kuɗin. A lokacin da mutum yake cike takardar neman rance a intanet, yakan ba da lambar katinsa na banki, kuma da wannan ya bai wa kamfanin izinin cirar kuɗi daga asusunsa da zarar wa'adi ya cika, ba tare da an sake tambayarsa ba. Tun da yake a Ingila kuɗin hayar gida galibi a cikin tallafin suke zuwa, a hannun mai karɓa, sai ka tarar kuɗin sun shigo da safe, kafin azahar kamfanin ya kwashe nasa, an bar mutum da mai gida da kuma tukunya babu komai, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wannan izini nasu ne, kuma suna da ikon janye shi ta hanyar sanar da bankinsu kai tsaye, matuƙar sun yi hakan kafin a tashi aiki a ranar da ta gabaci ranar cira, kuma bankin ba shi da hurumin ya ce sai an fara samun yardar mai bin bashin. Bugu da ƙari, idan kamfanin ya gwada cira sau biyu bai samu ba, doka ta hana shi gwadawa ta uku sai da sabuwar amincewar mai asusun. Janye izinin bai shafe bashin ba, yana nan daram, amma ya mayar wa mutum ikon zaɓar abin da zai fara biya da ɗan abin da ke hannunsa.

A ganina wannan zaɓi shi ne ginshiƙin maganar baki ɗaya. Masu ba da shawara kan bashi a Birtaniya sun kasa basussuka gida biyu, kuma ma'auninsu shi ne girman abin da zai faru idan ba a biya ba. Kuɗin haya, da harajin ƙaramar hukuma, da kuɗin wuta da gas, da tarar kotu, su ne na sahun gaba, domin rashin biyansu na iya raba mutum da muhallinsa, ko ya jawo masa hukunci mai tsanani. Bashin ranar albashi yana sahun baya tare da bashin katin banki, duk da cewa shi ne ya fi kowanne hayaniya, da kiran waya da saƙonni da wasiƙu masu jan rubutu. Kasa biyansa ba laifi ba ne da ake ɗaure mutum a kansa, kuma kamfanin ba shi da hanyar da zai bi ya sa ma'aikatar da ke biyan tallafi ta yanko masa kuɗinsa tun daga tushe. Abin da zai iya yi shi ne ya rubuta saɓa alkawarin a tarihin bashin mutum, inda zai zauna shekara 6, ko ya sayar da bashin ga kamfanin karɓar bashi, ko ya kai ƙara kotu, kuma sai bayan hukuncin kotu da aka ƙi bi ne maganar masu ƙwace kaya ke tasowa. Wanda ya san yadda wasu manhajojin rance a Najeriya ke aika saƙon tozarci ga 'yan uwa da abokan wanda ake bi, ya kamata ya san cewa ƙa'idojin FCA sun haramta irin wannan, sun kuma wajabta wa kamfani ya yi sassauci ga wanda ya shaida masa cewa yana cikin ƙunci.

Hanyar da aka saba bi ita ce mutum ya rubuta abin da ke shigo masa da abin da yake kashewa a kan buƙatun dole, ya aika wa kamfanin tare da tayin abin da zai iya biya, ko da fam 1 ne a wata, ya kuma nemi a dakatar da ruwa. Ƙungiyoyi irin su StepChange da Citizens Advice da National Debtline suna yin wannan aiki kyauta, kuma ta hannun mai ba da shawara irin nasu ne ake shiga shirin Breathing Space, wato sararin numfashi, wanda ya fara aiki a Ingila da Wales a watan Mayun 2021, yana dakatar da ruwa da tara da matsin masu bin bashi har kwana 60. Idan kuwa babu alamar za a iya biya ko nan gaba, akwai umarnin sassaucin bashi da ake kira Debt Relief Order, ga wanda ba shi da gida nasa na kansa, bashinsa bai wuce fam 50,000 ba, kuma rarar da ke saura masa a wata ba ta wuce fam 75 ba. Ana daskarar da bashin na wata 12, idan halinsa bai sauya ba sai a yafe, kuma tun Afrilun 2024 aka soke fam 90 da ake biya a da kafin a shiga. Scotland tana da nata tsarin daban.

Akwai kuma tambayar ko ya dace tun farko a ba da rancen. Doka ta ɗora wa kamfani alhakin ya bincika ko mai nema zai iya biya ba tare da ya sake cin wani bashin ko ya hana kansa abinci ba, kuma wanda duk abin da yake samu tallafi ne, aka yi ta ba shi rance a kan rance, yana da hujjar koke. Zai fara kai kukansa ga kamfanin, wanda ke da mako 8 ya ba da amsa, idan bai gamsu ba sai ya wuce ofishin sauraron ƙorafin harkokin kuɗi na ƙasa, wanda ba a biyan ko sisi, kuma idan aka ba shi gaskiya akan mayar masa da ruwan da ya biya, a gyara masa tarihinsa. Irin waɗannan koke-koke ne suka yi wa Wonga yawa har ya durƙushe a watan Agustan 2018, sai dai waɗanda suka makara ba su ji daɗi ba, domin masu kula da rusasshen kamfanin ba su iya biyansu ko kashi 5 cikin 100 na haƙƙinsu ba.