Me Ake Nufi da Tangaran Mai Ƙyallin Gishiri?

Tangaran mai ƙyallin gishiri shi ne kayan yumɓu da aka gasa da zafin da ya kai digiri 1,200 ko fiye a ma'aunin Salshiyas, har yumɓun ya dunƙule ya yi taurin dutse, ruwa ba ya ratsa shi. Idan wuta ta kai ƙololuwarta, sai maginan su watsa gishiri cikin tanderun. Gishirin ya zama tururi, sinadarin sodiyam da ke cikinsa ya haɗu da yashin da ke jikin yumɓun, ya bar wani siririn rufi mai sheƙi. Wanda ya shafa irin wannan kwalba zai ji 'yan ƙuraje-ƙuraje kamar na ɓawon lemo, kuma da wannan alama masana kan fara gane ta ko da tsingaro kaɗai suka samu.

A yankin kogin Rhine na ƙasar Jamus sana'ar ta bunƙasa tun wajen ƙarni na 15, a garuruwa irin su Frechen, da kuma Raeren da ke maƙwabtaka, wanda yanzu yake cikin ƙasar Beljiyam. Mafi shahara cikin kayansu ita ce buta mai ƙaton ciki da ake kira Bartmann, wadda aka manna hoton fuskar wani mai dogon gemu a wuyanta. A Ingila kuwa, John Dwight ya fara ƙera irinta a Fulham a shekarun 1670.

Abin da ya sa masu tono kayan tarihi ke girmama waɗannan kwalabe shi ne ƙasa ba ta cin su, ruwan teku ma haka, sa'annan siffar gemun da tambarin da ke jikinsu suna sauyawa daga zamani zuwa zamani, saboda haka sukan nuna lokacin da aka zauna a wuri. An tsamo su daga jirgin ruwan Batavia na Holan, wanda ya nutse a gaɓar yammacin Ostiraliya a 1629, an kuma tono su a Jamestown ta Amurka. Wasu ma an same su binne a ƙarƙashin murhun tsofaffin gidajen Ingila, cike da ƙusoshi da gashi da fitsari, domin kariya daga maita.

Shi ya sa abin yake da ciwo idan mai neman kuɗi ya haƙo kwalba ya wanke ta ya kai kasuwa, domin zurfin da take da kuma abubuwan da ke kwance kusa da ita su ne rabin labarinta, ga shi ba a rubuta su ba.