Birki a keken da ba shi da firiwil

Keken da ba shi da firiwil shi ne wanda aka ɗaure haƙoran baya kai tsaye a jikin cibiyar taya, ta yadda muddin taya na juyawa feda ma na juyawa. Mai tuƙi ba ya samun damar sake ƙafa ya huta ko da a gangara. Da irinsa ake tseren cikin fili mai da'ira, kamar wanda aka gina a babban filin wasa na Abuja domin wasannin Afirka na 2003, kuma a can ba a sa masa birki ko ɗaya, tunda kowa hanya ɗaya ya nufa. A Zariya kekunan da aka saba gani, irin su Phoenix da Raleigh, masu firiwil ne. Maras firiwil kuwa sai jefi-jefi cikin kekunan gwanjo.

Hanyar farko ta tsayar da shi ita ce da ƙafa. Mai tuƙi ya riƙa turje wa feda, sarƙa ta kai turjiyar ga tayar baya. In yana son tsayawa da gaggawa sai ya ɗan miƙe, ya karkata gaba, ya ƙame ƙafafunsa har taya ta ja ƙasa. Wannan yana da wuya in ba a ɗaure ƙafa a feda da maɗauri ba, kuma yana cin taya. Adadin haƙora ne ke nuna inda za ta ci: in na gaba 48 ne na baya 16, wuri ɗaya tak zai riƙa gogar kwalta har ya huje, amma in na baya 17 ne, gugar za ta rarrabu wuri 17.

Sai dai tsayarwa da ƙafa birkin baya ne kawai, birkin baya kaɗai kuwa rabin aiki ne. Idan keke na rage gudu nauyi kan koma gaba, tayar baya ta yi sakayau ta fara santsi, shi ya sa ƙarfin tsayawarta bai wuce kusan rabin na birkin gaba ba. In kuwa sarƙa ta zame ko ta tsinke, shi ke nan, babu abin tsayarwa. Dokar Birtaniya ta 1983 ta ɗauki irin wannan taya a matsayin birkin baya, amma ta wajabta birkin gaba, kuma a 2017 wata kotu a Landan ta ɗaure wani matashi wata 18 bayan ya buge wata mata da keken tsere maras birkin gaba, ta rasu. Wanda ya san cunkoson Kwangila ko PZ, inda ɗan acaba kan sha gabanka ba sallama, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ga yashin gefen titi da taɓon damina masu ƙara santsi.

Akwai zoben da ke kulle haƙoran baya, wanda ake murɗa shi zuwa hagu wajen ɗaurewa, saɓanin yadda ake ɗaure haƙoran, don kada turjiya ta kwance su. Ya kamata mai gyara ya duba shi, da kuma tsaurin sarƙa. Bakin wando ko babbar riga in ta shiga sarƙa, feda ba za ta tsaya ba, haka ma yatsan mai sa mai. Wasu kekunan tsere kuma ba su da hudar ɗaura birki a ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, sai an canza ƙarfen.