Ma'anar "MRI bisa sharaɗi" ga mai dashen na'urar ji

A takardun na'urorin da ake dasawa a jikin mutum akan ga wata alama, alwatika mai ruwan ɗorawa da haruffan MR a tsakiyarta. Da Turanci ana kiranta MR Conditional, wato "MRI bisa sharaɗi". Abin da take cewa shi ne mai wannan na'ura zai iya shiga injin ɗaukar hoton MRI, amma sai an cika wasu sharuɗɗa da kamfanin da ya ƙera ta ya gindaya. Tun 2005 ƙungiyar ASTM International, mai tsara ƙa'idojin ingancin kaya, ta kasa kayan zuwa gida uku: koren murabba'i ga abin da ba shi da haɗari ko kaɗan, jan da'ira ga abin da aka hana shi kusantar injin, sai wannan na tsakiya. Babu na'urar ji ta dashe da ke samun koriyar alama, domin akwai ƙarfe da lantarki a cikinta.

Na'urar kashi biyu ce. Akwai ta waje mai ɗaukar sauti, akwai ta ciki da likita ke binnewa ƙarƙashin fata a bayan kunne, wadda siririyar wayarta ke shiga can cikin kunne, sashen nan mai siffar katantanwa, ta riƙa taɓa jijiyar ji da lantarki. Abin da ke manne kashi biyun ta cikin fata shi ne ɗan ƙaramin maganaɗisu a kowane ɓangare. To, shi kuwa injin MRI gaba ɗayansa ƙaton maganaɗisu ne. Yawancin na asibitoci ƙarfinsu tesla 1.5 ne ko tesla 3 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), kuma tesla 1.5 ta ninka maganaɗisun duniya wajen sau dubu talatin. Ba a kashe shi, ko ana ɗaukar hoto ko ba a yi.

A tsofaffin na'urori, maganaɗisun na kwance ne a gefen kai, fuska ɗaya na kallon ƙashi, ɗaya na kallon fata. Ƙarfin injin kuma yana bin tsawon jiki ne, daga kai zuwa ƙafa. Sai ɗan maganaɗisun ya yi ta ƙoƙarin juyawa don ya daidaita da shi, kamar yadda allurar kamfas ke neman arewa. Nan ne wahalar take. Majiyyaci na iya jin zafi mai tsanani, har wasu kan nemi a dakata kafin a gama. Wani lokaci maganaɗisun kan fice daga gurbinsa, ko ya kife, ko ƙarfinsa ya ragu ta yadda na'urar waje ba za ta ƙara mannewa ba, a koma ɗakin tiyata.

Shekaru da dama dabara biyu ake da ita. Ko a ɗora wani abu mai tauri a kan wurin a naɗe kai tamau da bandeji, galibi a tesla 1.5, ko kuma a yanka fata a ciro maganaɗisun, a mayar bayan hoto. Ta biyun nan ba ƙaramin abu ba ce. Kowane yanka ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, kuma mutum na iya zama babu ji har wurin ya warke. Ka tuna da yaron da aka yi wa dashe yana ɗan shekara ɗaya, rayuwa gaba ɗaya na gabansa, ko masu ciwon da ke fitar da ƙari a jijiyar ji, waɗanda ake bin lafiyarsu da MRI a kai a kai.

Mafitar da injiniyoyi suka samo ta burge ni saboda sauƙinta: su bar maganaɗisun ya juya abinsa. A 2014 kamfanin MED-EL na Ostiriya ya fitar da Synchrony, mai maganaɗisu da ke juyawa a cikin kwansonsa ya bi ƙarfin injin, har a tesla 3 ba tare da an cire shi ba. Advanced Bionics ya biyo baya a 2018 da HiRes Ultra 3D, sai Cochlear na Ostareliya a 2019 da Nucleus Profile Plus.

Duk da haka sharaɗin bai tashi ba. Igiyoyin rediyo da injin ke harbawa na iya zafafa wayar da ke cikin kunne, don haka akwai iyakar ƙarfin da ma'aikacin zai saita. Akwai ƙa'idar yadda za a ajiye kai. Sannan maganaɗisun, ko mai juyawa ne, yana jefa baƙar inuwa ta santimita da yawa a hoton ƙwaƙwalwa. Idan abin da likita ke nema yana kusa da kunnen, har yanzu ana iya buƙatar cire shi. Hoton gwiwa ko baya wannan inuwa ba ta shafe shi ba, amma ƙarfin injin na kai wa ga kan duk da haka.

Abin da ya fi damuna shi ne a ɗauka duk na'urori ɗaya ne. Wanda aka yi wa dashe shekara ashirin da suka wuce yana nan da tsohon maganaɗisunsa, ko da ya sabunta na'urar waje. Mai dashe a kunne biyu ma yana iya zama da samfuri daban a kowane gefe. Shi ya sa katin da ake ba majiyyaci bayan tiyata, mai ɗauke da sunan samfurin, yake da muhimmanci: da shi ma'aikacin hoto zai nemo takamaiman sharuɗɗan. Korar mai dashe gaba ɗaya don tsoro ita ma cutarwa ce, domin akwai cutukan da CT, wato hoton da ake ɗauka da hasken X-ray, ba ya nuna su yadda MRI ke yi.

Na'urar waje ba ta shiga ɗakin injin sam, wato da yawa daga masu dashe ba za su ji muryar ma'aikacin ba da zarar sun cire ta. Sai a gama duk bayani tun a waje, a nuna musu ƙwallon robar da za su matsa don sanar da ma'aikacin idan sun ji zafi ko ɗumi a bayan kunne.