Matsakaici ɗaya, rumbu daban: tambayoyi kan auna warwatsuwar lambobi

In an san matsakaici, me kuma ake nema?

A ce manoma biyu ne, ɗaya a wajen Magarya, ɗaya a wajen Tanut inda damina ba ta da tabbas. A shekara biyar na farko ya samu damin gero 38, 40, 40, 40, 42. Na biyu ya samu 10, 25, 40, 55, 70. In aka tara damin kowa aka raba da 5, kowa matsakaicinsa dami 40 ne, amma na biyun ya ga shekarar da rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara. Matsakaici ba ya nuna wannan.

Wane ma'aunin warwatsuwa ya fi sauƙi?

Tazara: a cire ƙaramar lamba daga babba. Na farko 4, na biyu 60. Aibinta, lambobi biyu kawai take kallo, shekarar fara guda ta isa ta kumbura ta. Shi ya sa wasu ke jera lambobin, su ajiye rubu'in sama da na ƙasa, su auna tazarar rabin da ke tsakiya.

To wariyans da ekar-tip da ake koyarwa a lakkol fa?

Nan ne ɗalibai ke fara gumi. Ɗauki manomin Tanut. Nisan kowace shekara daga 40 shi ne −30, −15, 0, 15, 30. In ka tara su haka, sifiri za ka samu, kuma kullum haka ne, domin na ƙasa suna cinye na sama. Sai a ninka kowace da kanta: 900, 225, 0, 225, 900, jimilla 2250. Raba da 5, ka samu 450. Wannan ita ce wariyans, sunan da masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya raɗa mata a 1918.

Sai dai 450 ɗin ba dami ba ne, dami ne sau dami, abin da ba wanda ya taɓa ɗorawa kan amalanke. Don a koma dami, a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 450: kusan 21. Shi ne ekar-tip. Na Magarya kuwa kusan 1.3 ne kacal.

Me ya sa wani lokaci ake rabawa da 4 maimakon 5?

In shekaru biyar ɗin samfuri ne daga shekaru masu yawa, rabawa da 5 kan rage girman warwatsuwar, domin daga cikinsu aka fitar da matsakaicin. Sai a raba da adadin ban da ɗaya: 562.5, ekar-tip ya zama kusan 23.7.