Mene ne "kocin riƙon ƙwarya", kuma me ya sa magoya baya suke saurin faɗawa ƙaunarsa?

Duk ranar da wata babbar ƙungiya ta kori kocinta, kafin ka gama shan shayin dare ka ji kalmar a labarin wasanni: an naɗa wane a matsayin kocin riƙon ƙwarya. Mun saba da ita har mun daina jin abin da take cewa. Ni ma sai da ɗan yayata, wani ɗan Chelsea da ba ya jin kira idan ana wasa, ya tambaye ni na tsaya na yi tunani. Cewa ya yi, "Kawu, wai shi riƙon ƙwaryan nan koci ne ko ba koci ba ne? Idan ya iya, a ba shi mana. Idan bai iya ba, me ya kawo shi?"

Amsar tana cikin kalmar kanta. Ƙwarya ba taka ba ce, riƙo aka ba ka. Ka ɗauki mai tallar nono da ta ce wa ƙawarta, riƙe mini ƙwaryar nan in je in dawo. Ƙawar za ta iya kore ƙuda, za ta iya auna wa mai saye ludayi biyu ta karɓi kuɗi, amma ba za ta sauya farashi ba, ba za ta ba da bashi ba, ba kuma za ta tafi da ƙwaryar gidansu ba. Idan nonon ya zube a hannunta za ta sha faɗa. Idan ya ƙare da albarka, cinikin na mai shi ne. To haka aikin yake a ƙwallo: mutum ne da aka damƙa wa ƙungiya na ɗan lokaci, ya fitar da 'yan wasa, ya tsara yadda za a buga, ya amsa tambayoyin 'yan jarida, kafin shugabanni su samo wanda za su ba aikin na dindindin.

Ba a filin ƙwallo muka fara sanin kalmar ba. Waɗanda suka yi wayo a 1993 suna tune da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan, wadda Janar Babangida ya bari a watan Agusta, Janar Abacha ya kawar da ita a watan Nuwamba, ko wata uku ba ta cika ba. Ga kuma kantomomin riƙo da gwamnoni suke ɗora wa ƙananan hukumomi, da shugabannin riƙo na jam'iyyu. Wasu 'yan jarida sukan ce kocin wucin gadi, wasu muƙaddashin koci. Duk ana ganewa, amma ni na fi son riƙon ƙwarya. Wucin gadi lokaci kawai yake nunawa, muƙaddashi kuma ya fi dacewa da ofis da kujera. Riƙon ƙwarya ne yake faɗin gaskiyar da ta fi ciwo, wato abin da ke hannunka yana da mai shi, ko da ba a san ko wane ne ba tukuna.

Kalma ɗaya ce a wurinmu, amma aiki iri biyu take rufewa. Akwai wanda ake cewa ya riƙe na wasa biyu ko uku, yawanci mataimakin wanda aka kora ko kocin matasa, kamar yadda Michael Carrick ya riƙe Manchester United wasa uku a ƙarshen 2021. Akwai kuma wanda ake ɗaukowa daga waje a ba shi kwantiragi zuwa ƙarshen kaka, kamar Ralf Rangnick da ya karɓa daga hannun Carrick ɗin, ko Guus Hiddink da Chelsea ta kira har sau biyu, a 2009 da 2015. Na farko mai gadi ne. Na biyu kuwa cikakken koci ne da aka gaya wa ranar tafiyarsa tun ranar zuwansa, kuma 'yan wasa ma sun san ranar. Nan matsalarsa take: ɗan wasan da ka ajiye a benci ya san idan ya yi haƙuri zuwa watan Mayu, kai za ka tafi, shi yana nan.

Yanzu ga inda labarin yake da daɗi, wato yadda magoya baya suke tarbar irin wannan mutum.

Hausawa sun ce amarya ba ta laifi ko ta kashe ɗan masu gida. Babu wanda ya ci amarcin riƙon ƙwarya kamar Ole Gunnar Solskjaer. An kori Jose Mourinho daga Manchester United ranar 18 ga Disamba 2018, washegari aka aro Solskjaer daga ƙungiyar Molde ta ƙasar Norway, aro na gaske, da nufin ya koma idan kaka ta ƙare. Mutumin da ya ci ƙwallon da ta ba United kofin zakarun Turai a 1999 ne, don haka tun kafin ya zauna an riga an yafe masa rabin zunubansa. Wasansa na farko ya je Cardiff ya zura musu 5-1. Ya ci wasa takwas a jere. Paul Pogba da aka ajiye a benci a kwanakin ƙarshe na Mourinho ya koma kamar an canza masa batir. Sai daren 6 ga Maris 2019 a birnin Paris, inda United ta je wasan zakarun Turai da bashin ci biyu daga karawar farko, ga raunuka sun yi mata yawa, ta ci PSG 3-1 da fenaretin Marcus Rashford a ƙarshen wasa.

A daren nan ina cikin wani gidan kallo na unguwarmu. Da ƙwallon ta shiga raga benci ya kife, wani ya rasa takalminsa ƙafa ɗaya, mai gidan yana ta roƙon a yi a hankali da wayar janareto. Wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda watanni uku baya ya rantse ya bar kallon United, ya riƙo hannuna yana cewa, "Malam, me suke jira? Su ba shi kawai!" Ba shi kaɗai ba ne. Daga Manchester har Kano maganar ke nan, kuma ranar 28 ga Maris aka ba shi, kwantiragin shekara uku, bayan ya ci wasa 14 cikin 19.

Daga nan zuwa ƙarshen kaka wasa biyu kacal ya ƙara ci. United ta ƙare a ta shida, kuma a ranar rufe gasa Cardiff ɗin nan da aka yi wa 5-1, wadda ta riga ta faɗa rukunin ƙasa, ta zo Old Trafford ta ci 2-0.

Ba Solskjaer ne ya manta ƙwallo cikin wata biyu ba. A ganina abu biyu ne suke rudar mu. Na farko, ba a korar koci lokacin da ake cin wasa. Ana korarsa ne a daidai lokacin da komai ya taɓarɓare, ƙwallo tana dukan turke, raunuka sun taru, jadawali ya yi zafi. Ƙungiyar da ke da 'yan wasa masu tsada ba ta dawwama a wannan hali ko da wa aka kawo, har ma ko ba a kawo kowa ba. Wanda ya shigo a daidai lokacin da ruwa zai ɗauke, sai a ce shi ya tsayar da shi. Na biyu, yawancin sowar da ake yi wa sabon mutum ba tasa ba ce. Murnar tafiyar wancan ce aka rasa inda za a kai ta, sai aka juye masa. Shi ya sa kafin ka yi hasashen yadda za a tarbi kocin riƙo, kada ka duba takardunsa, ka duba wanda ya gada da kuma yadda aka rabu da shi.

Chelsea ta 2012 ta nuna wannan ta fuska biyu a cikin shekara guda, abin kamar shiri. A watan Maris aka kori Andre Villas-Boas, aka ce mataimakinsa Roberto Di Matteo ya riƙe. Tsohon ɗan wasan ƙungiyar ne, ba wanda ya sa masa rai da komai. Ya ɗauki kofin FA, sannan ranar 19 ga Mayu ya doke Bayern Munich a bugun fenareti a filinta, kofin zakarun Turai na farko a tarihin Chelsea, da Mikel Obi a tsakiyar fili. Mai ƙungiyar a lokacin, Roman Abramovich, ya ba shi kwantiragin shekara biyu. Ƙwarya ta zama tasa, kuma wata biyar kawai ta yi a hannunsa. Juventus ta ci su 3-0 a watan Nuwamba, da safe aka sallame shi.

Wanda aka kawo riƙo shi ne Rafael Benitez. A takarda ya fi Di Matteo nesa ba kusa ba: ya ci La Liga sau biyu da Valencia, ya ci kofin zakarun Turai da Liverpool a 2005. Amma shi ne ya fitar da Chelsea a wasan kusa da na ƙarshe na wannan gasa a 2005 da 2007, kuma 'yan Chelsea ba su manta ba. Wasansa na farko a Stamford Bridge, da Manchester City, aka tashi babu ci, da ihu aka tarbe shi da kwalayen neman ya tafi, bai ma fara ba. Idan agogo ya kai minti na 16, sai filin ya ɗauki tafi da kiran sunan Di Matteo, domin lamba 16 yake sawa a zamanin wasansa. Haka aka riƙa yi wasa bayan wasa. Ka yi tunanin zama a benci kana jiran minti na 16 kowane mako.

A watan Fabrairun 2013, bayan wasan kofin FA a Middlesbrough, Benitez ya amayar da abin da ke cikinsa a gaban 'yan jarida. Ya soki masu yi masa ihu, ya ce zai tafi a ƙarshen kaka, amma abin da ya fi ja mini hankali shi ne ya ce kuskure ne babba da ƙungiya ta liƙa masa laƙabin riƙon ƙwarya. Ina ganin yana da gaskiya. Laƙabin da ya zama garkuwa ga Di Matteo, don ba a tsammanin komai daga mai riƙo, shi ya zama sanda a kan Benitez, don ya gaya wa magoya baya cewa ba sai sun koyi zama da shi ba. Duk da haka ya kai su na uku a Firimiya, ya ci kofin Europa a Amsterdam, 2-1 a kan Benfica, da ƙwallon da Branislav Ivanovic ya ci da ka a ƙarshen wasa. Ya tattara ya tafi Napoli, Mourinho ya dawo. Shekara goma bayan haka Chelsea ta kira Frank Lampard riƙo, aka tarbe shi tarbar ɗan gida, ya ci wasa ɗaya cikin 11.

Mu ma a nan mun ɗanɗana. Bayan an sallami Gernot Rohr a Disamban 2021, Augustine Eguavoen ne ya kai Super Eagles gasar cin kofin Afirka a Kamaru a matsayin riƙo. A Garwa aka ajiye su, garin da Hausa ke tafiya a kasuwa kamar kana gida. Sun ci Masar 1-0, Sudan 3-1, Guinea-Bissau 2-0, aka fara cewa ashe maganin yana gida muna ta yawon neman Bature. Tunisiya ta ci mu ɗaya mai ban haushi a zagayen 'yan 16, Alex Iwobi ya karɓi jan kati, murya ta fara sauyawa. A watan Maris Ghana ta zo Abuja ta yi 1-1 ta tafi da tikitin kofin duniya, 'yan kallo suka afka fili suna farfasa kaya. Tsakanin yabo da jifa wata biyu ne da 'yan kwanaki.

Kada a ce ban yi adalci ba, wani lokacin mai riƙon shi ne mai ƙwaryar da ake nema. Hansi Flick riƙo ya karɓi Bayern a Nuwamban 2019, kafin shekara ta zagayo ya haɗa kofi uku, har da 8-2 ɗin da 'yan Barcelona ba sa son a tuna musu. Lionel Scaloni da riƙo ya fara da Ajantina a 2018, ya ƙare da kofin duniya a 2022. Wanda ya fi yi mana ciwo kuwa shi ne na Kwaddebuwa. Mai masaukin baƙi ce a gasar cin kofin Afirka a farkon 2024, Equatorial Guinea ta yi mata 4-0, aka kori Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa. Hukumar ƙwallonsu ta nemi aron Herve Renard daga Faransa, aka hana ta, sai ta haƙura da mataimaki, Emerse Fae, wanda bai taɓa jagorantar babbar ƙungiya ba. Ya fitar da Senegal, ya fitar da Mali, ya fitar da Kongo. Ranar 11 ga Fabrairu a Abidjan, a wasan ƙarshe da Najeriya, William Troost-Ekong ya fara ci mana, Franck Kessie ya farke, Sebastien Haller ya ƙara. Kwanaki kaɗan bayan haka aka tabbatar wa Fae da aikin.

Na kwashe duk wannan na gaya wa ɗan yayar tawa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi dai har gobe bai yafe wa Benitez ba. A 2005 ɗin da yake riƙe da ita a zuci, ko yaye shi ba a yi ba.